Harshe da Waƙar Bishara a Afirka ta Kudu: Tarihin Ƙungiyar Mawaƙan Soweto

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin baka a ƙasar nan sun daɗe suna mai da hankali ga makaɗan fada da na jama'a da na sana'o'i, amma ba kasafai sukan waiwayi waƙoƙin da ake rerawa a majami'u ba, alhali kuwa majami'a na cikin wuraren da harsunan Afirka suka fara haɗuwa da rubutun boko da karin waƙar Turawa. Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin ƙungiyar mawaƙan bishara da ake kira Soweto Gospel Choir ta ƙasar Afirka ta Kudu, wadda aka kafa a shekarar 2002. Za a dubi tushen da ta tsiro daga gare shi, da yadda ta shahara, da kuma matsayin harshe a cikin waƙoƙinta. Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan aka fitar da harshen Afirka zuwa dandalin duniya ta hanyar waƙa, a gaban masu sauraron da ba sa jin sa, me harshen ya samu, me kuma ya rasa?

2.0 Tushen Waƙar Majami'a a Afirka ta Kudu

Ba za a fahimci wannan ƙungiya ba sai an koma ƙarni na 19. A wannan ƙarni ne 'yan mishan suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa manyan harsunan yankin: Robert Moffat ya kammala na harshen Tswana a 1857, na Xhosa ya fito a 1859, na Zulu kuma a 1883. Tare da fassarar littafin sai aka shiga fassara waƙoƙin ibada na Turai, ana ɗora kalmomin Afirka a kan karin da aka tsara domin Turanci ko Jamusanci.

A nan ne matsala ta kunno kai. Harsunan Zulu da Xhosa da Sotho masu karin sauti ne, wato hawa da saukar murya na iya bambanta ma'anar kalma. Bugu da ƙari, a Zulu da Xhosa akan ja gaɓar da ke kusa da ta ƙarshe a ƙarshen furuci, alhali layukan waƙoƙin Turanci da yawa suna ƙarewa ne da nauyi a kan gaɓar ƙarshe. Saboda haka mai rera fassarar yakan tilasta wa harshensa bin hanyar da ba tasa ba, ya danne inda ya kamata ya ja, ya hau inda ya kamata ya sauka.

Tun da wuri mutanen ƙasar suka nemi mafita. Ntsikana, wani Bakhosa da ya karɓi Kiristanci, wanda ya rasu a 1821, ya tsara waƙar yabon Ubangiji bisa tsarin kirarin sarakunan Xhosa da karin gargajiya, ba tare da ya ari karin Turawa ba. Daga baya John Knox Bokwe na makarantar mishan ta Lovedale ya rubuta karin wannan waƙa a takarda don kada ta ɓace. Makarantun mishan irin su Lovedale sun yaɗa hanyar koyon waƙa ta do-re-mi, wadda John Curwen ya bunƙasa a Ingila, kuma da ita ne malaman makaranta baƙaƙen fata suka fara tsara waƙoƙinsu masu murya huɗu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Enoch Sontonga, wanda a 1897 ya tsara Nkosi Sikelel' iAfrika cikin harshen Xhosa a matsayin waƙar ibada.

Akwai kuma wani rafi da ya kwararo daga Amurka. Daga 1890 zuwa 1898 ƙungiyar Orpheus McAdoo, ta baƙaƙen fatar Amurka, ta yi ta zagaya Afirka ta Kudu tana rera waƙoƙin ibadar da bayi suka bari gado. Ganin baƙar fata a kan dandali cikin mutunci ya yi tasiri ƙwarai a zukatan mutanen ƙasar. A 1891 wata ƙungiyar mawaƙan ƙasar, wadda Charlotte Maxeke take cikinta tana budurwa, ta tafi Ingila har ta yi waƙa a gaban Sarauniya Victoria. Ke nan fita waje da waƙar majami'a ba sabon abu ba ne a tarihin ƙasar. A farkon ƙarni na 20 kuma majami'u masu zaman kansu, kamar na Isaiah Shembe a ƙasar Zulu da majami'ar Sihiyona ta Engenas Lekganyane, suka dawo da rawa da tafi da buga ƙafa cikin ibada, abubuwan da 'yan mishan na farko suka ƙyamata.

3.0 Soweto da Rikicin Harshe

Sunan Soweto taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci masu nufin unguwannin kudu maso yamma, kuma an tabbatar da shi a 1963 ga rukunin unguwannin da gwamnatin wariyar launin fata ta keɓe wa baƙaƙe a gefen birnin Johannesburg. A shekarun 1950 hukuma ta riƙa raba gidaje bisa harshe: masu jin Zulu da Xhosa a unguwanni irin su Zola da Jabulani, masu jin Sotho da Tswana a Naledi da Mapetla, masu jin Venda da Tsonga a Chiawelo. Nufin shi ne a raba kan mazauna. Amma jirgin ƙasa ɗaya suke shiga zuwa wurin aiki, jana'iza ɗaya suke halarta, don haka ɗan Soweto ya tashi yana jin harsuna uku ko huɗu.

A 1974 gwamnati ta ba da umarni cewa a koyar da rabin darussan makarantun baƙaƙe da harshen Afrikaans, rabi da Turanci. Lissafi da ilimin zaman jama'a suka faɗa rabon Afrikaans. Harsunan gida kuwa ba a bar musu komai ba sai darasin addini da waƙa da motsa jiki. Ranar 16 ga Yuni, 1976, ɗaliban Soweto suka fito zanga-zangar ƙin wannan umarni, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Hector Pieterson, ɗan shekara 12, yana cikin waɗanda aka fara kashewa. Majami'ar Regina Mundi ta zama mafakar masu gudu da wurin taron masu gwagwarmaya.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, fagage biyun da aka jefa wa harsunan gida don an raina su, wato addini da waƙa, su ne daga baya suka ɗauki waɗannan harsuna zuwa manyan dandalan duniya. Bayan faɗuwar mulkin wariya a 1994, tsarin mulki na 1996 ya amince da harsuna 11 a matsayin harsunan hukuma, a 2023 kuma aka ƙara harshen kurame ya zama na 12. Taken ƙasa da aka tsayar a 1997 ya haɗa waƙar Sontonga da wani sashe na tsohon take, ana rera shi da harsuna biyar.

4.0 Kafuwa da Shahara

A watan Nuwamba na 2002 ne David Mulovhedzi, wanda ya daɗe yana jagorantar mawaƙan majami'a a Soweto, tare da Beverly Bryer, suka tantance mawaƙa daga majami'u da unguwannin Soweto da kewaye, suka kafa ƙungiyar. Wasu masu shirya wasanni daga ƙasar Ostareliya ne suka ba da ƙarfin gwiwa da jari. Wannan batu yana da muhimmanci: ƙungiyar ba ta wata majami'a guda ba ce, kuma tun ranar farko idonta yana kan masu sauraro na ƙetare.

Kundin waƙoƙinta na farko, Voices from Heaven, ya kai matsayi na ɗaya a jerin kiɗan duniya na mujallar Billboard ta Amurka. A 2003 ta zagaya Ostareliya, ta kuma yi wasa a bikin Edinburgh. Ranar 29 ga Nuwamba na wannan shekara ta hau dandali a Cape Town a taron 46664, wanda aka sa wa lambar Nelson Mandela ta gidan kurkuku, domin wayar da kai game da cutar ƙanjamau. A nan ta yi amshi ga mawaƙa irin su Bono da Peter Gabriel. A wannan lokaci cutar tana ta ɗauke iyaye a unguwannin baƙaƙe, don haka ƙungiyar ta kafa gidauniyar Nkosi's Haven Vukani domin tallafa wa marayu, da kuɗin da take tarawa a wuraren wasanninta. Babban limamin nan Desmond Tutu ya zama uban ƙungiyar.

Kundinta mai suna Blessed ya sami lambar yabo ta Grammy a 2007, African Spirit ya sami wata a 2008. A 2009 ta rera waƙar fim ɗin WALL-E tare da John Legend a bikin Oscar, amma a ƙarshen wannan shekara Mulovhedzi ya rasu. Rasuwarsa ba ta wargaza ƙungiyar ba. A watan Yuni na 2010 ta yi waƙa a bikin share fagen gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a filin wasa na Orlando, cikin Soweto kanta. Kwanaki kaɗan bayan rasuwar Mandela a ranar 5 ga Disamba, 2013, mawaƙanta suka sa tufafin ma'aikatan kantin Woolworths, suka ɓarke da rera Asimbonanga, waƙar da Johnny Clegg ya yi a 1987 sa'ad da Mandela yake tsare. Kundin Freedom na 2018, wanda aka yi domin cikar shekara 100 da haihuwar Mandela, ya kawo mata Grammy ta uku a 2019.

5.0 Salon Waƙa da Matsayin Harshe

Ginshiƙin salon ƙungiyar shi ne jagora da amshi. Jagora yakan ɗauko baiti, 'yan amshi su karɓe da murya huɗu kafin ya dire, shi kuma ya sake shigowa kafin su kammala, ta yadda waƙar take juyawa ba tare da an ga gaɓar tsayawa ba. Waƙoƙi da yawa ba su da kayan kiɗa sai tafi da buga ƙafa da ganga. Gangar da aka fi gani a dandalinsu ita ce jembe, wadda asalinta na mutanen Mande ne na Afirka ta Yamma. Wannan aro yana nuna cewa hoton da ƙungiyar ke nunawa na nahiyar ne baki ɗaya, kamar yadda baƙo yake son ganin ta.

Ana iya kasa waƙoƙinta gida uku. Kashi na farko waƙoƙin majami'a ne cikin Zulu da Xhosa da Sotho da sauran harsunan gida. Galibinsu gajerun baitoci ne da ake maimaitawa, kuma da yake an haife su a bakin masu harshen, kari da kalma ba sa faɗa da juna kamar yadda suka yi a fassarorin 'yan mishan. Kashi na biyu waƙoƙin ibada ne na Turanci da na baƙaƙen Amurka, waɗanda ake sake wa tufafi da amshi da rawar gida. A nan tarihi ya juya: da kalmar Afirka ce ake lanƙwasawa ta bi karin Turawa, yanzu karin Turawa ne ake lanƙwasawa. Kashi na uku waƙoƙin gwagwarmaya ne da na zamani masu jigon 'yanci da zaman lafiya, waɗanda ba na ibada ba ne kai tsaye.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a auna. Na farko, lambobin Grammy uku da kundayenta suka samu duk a rukunin kiɗan duniya aka ba ta su, ba a rukunin waƙar bishara ba. Wato a kunnen masu ba da lambar, baƙon harshe ya rinjayi saƙon da ke cikinsa. Masu shirya bikin da kansu sun sauya sunan wannan rukuni a 2020, suna masu nuni da warin mulkin mallaka da ke tattare da tsohon sunan. Na biyu, misalin Baba Yetu. Christopher Tin, mai tsara kiɗa Ba'amurke, ya ɗora Addu'ar Ubangiji cikin harshen Swahili a kan kiɗa domin wani wasan kwamfuta mai suna Civilization IV a 2005. Ƙungiyar ta rera ta a kundinsa na 2009, aikin kuma ya sami Grammy a 2011. Swahili ba harshen Soweto ba ne, amma yawancin masu sauraro a Turai da Amurka ba su da hanyar bambanta shi da Zulu. A irin wannan yanayi harshe yakan koma amo mai daɗi kawai.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce harsunan sun yi asara zalla. Ƙungiyar ba ta mai da waƙoƙin gida zuwa Turanci don neman kasuwa ba, kasuwar ce ta karɓe su yadda suke. Waƙoƙin da a da ba su wuce bakin mata a jana'iza ko taron addu'a ba, yanzu suna cikin faifai. Yaron Soweto da aka nuna wa kakanninsa cewa harshensu bai isa a koyar da lissafi da shi ba, ya ga an miƙe tsaye ana tafa wa wannan harshe a manyan biranen duniya.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa ƙungiyar mawaƙan Soweto magajiya ce ga kokawar kusan shekara 200 tsakanin harshe da karin waƙa, tun daga Ntsikana zuwa Sontonga, kuma 'ya ce ga unguwar da aka zubar da jini saboda harshe. Ta sama wa harsunan gida daraja a waje, ko da yake ma'ana ba ta cika ƙetare teku tare da amo ba.

Darasin da ke ciki ga manazarta harsunan Nijeriya a fili yake. Hausa da Yarbanci da Ibo duk harsuna ne masu karin sauti, Hausa kuma tana da tsawon wasali da nauyin gaɓa waɗanda karin waƙa ya dogara a kansu. Tun bayan fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, majami'un Arewa suna rera fassararrun waƙoƙi gefe guda, ƙungiyoyin Zumuntar Mata kuma suna tsara nasu da tulu da ganga da amshi, sau da yawa a bakin mutanen da Hausa harshe na biyu ce gare su. Kwatanta waɗannan kashi biyu zai bayyana abubuwa da dama game da yadda kari ke bi da kalma da yadda Hausa ke sauyawa a bakin baƙi. Aiki ne da ke jiran masu tattarawa, tun tsofaffin da suka tsara waƙoƙin suna raye.