Ƙofar Kabuga: Mashigar Kano daga yamma

Ƙofar Kabuga na ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Kano, tana kuma yammacin ganuwa. Matafiyin da ya taso daga Gusau ko Tsafe ya biyo ta Malumfashi da Gwarzo, ta nan yake fara isa birnin, ko da yake akasarin fasinjoji sun fi sanin Kabuga a matsayin wurin sauka daga mota.

Asalin ƙofar

An ɗora harsashin ganuwar Kano ne a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, amma ɓangaren da Kabuga take bai shigo cikin birni ba sai zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, tsakanin 1618 da 1623.

Kamar yadda littafin Tarihin Kano ya nuna, wani babban bawan sarki mai suna Wambai Giwa ne ya ɗauki nauyin aikin. Shi ya ja ganuwar daga Ƙofar Dukawuya zuwa Kabuga, daga nan kuma zuwa Ƙofar Kansakali, yana ciyar da magina daga dukiyarsa. Daga bisani ya koma Ƙaraye, inda ƙarfin da ya tara ya sa aka ji tsoron zai yi tawaye, har aka tuɓe shi daga muƙaminsa.

Shigar Turawa

Abin da ya fi fito da sunan ƙofar ya faru ne ranar 3 ga watan Fabrairun 1903. Dakarun Birtaniya ƙarƙashin Kanar Morland sun taso daga Zariya, suka fara gwada ƙarfinsu a Ƙofar Dukawuya ba su yi nasara ba, sannan suka juya igwa kan Kabuga, suka fasa ta suka shiga.

A lokacin Sarkin Kano Alu yana ƙasar Sakkwato tare da manyan hakimansa da mayaƙansa. Sarkin Shanu Muhammadu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya yi yaƙi har aka kashe shi a gidan sarki.

Sauran labarin kuwa a ƙasar Zamfara ya ƙarasa. Da labarin faɗuwar Kano ya riski rundunar Alu a hanyarta ta komawa gida, sai kai ya rabu. Sarkin ya nufi arewa, aka kama shi a ƙasar Gobir, ya kuma rasu yana tsare a Lokoja a 1926. Waziri Ahmadu ya zaɓi yaƙi, inda ya gwabza da Turawa a kusa da Kwatarkwashi, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu ta yanzu, a ƙarshen watan na Fabrairu, kuma a can ya kwanta dama. Wambai Abbas ne ya koma Kano da sauran jama'a, Lugga ya naɗa shi sarki.

Wuraren tarihi da ke kewaye

Daga Kabuga, Goron Dutse ne tsauni mafi kusa. Gaba da shi akwai Dutsen Dala, inda tarihin garin ya faro, mazaunin Barbushe da gunkin Tsumburbura kafin zuwan Musulunci. Daga samansa ana hangen tsohon birni kusan baki ɗaya. Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero kuma na bayan ganuwa, a kan hanyar da ta bi ta Dukawuya.

Mai son ganin abin da ya rage na ainihin ƙofar kuwa sai ya shiga cikin gari zuwa Gidan Makama, kusa da fadar sarki, domin a wannan gidan tarihi ne aka ajiye ƙyaurenta.

A shekarar 2007 Najeriya ta miƙa sunan ganuwar Kano ga hukumar UNESCO, cikin jerin wuraren da take fatan a amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Amma faɗaɗa tituna, da gine-gine, da ɗibar ƙasa, da zaizayar damina sun cinye wurare da dama na ganuwar. A Kabuga kanta, hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa da cunkoson ababen hawa sun sauya fasalin wurin, ta yadda baƙo zai wuce bai san ta nan Turawa suka shiga Kano ba.