Asalin Kalmar "Cantopop"

Kalmar "Cantopop", wadda ake kiran waƙoƙin zamani na harshen Kantanis da ita, harɗaɗɗiya ce. An gutsuro "Canto" daga sunan harshen, aka haɗa da "pop", gajarcen kalmar Ingilishi mai nufin abin da ya karɓu ga jama'a.

Shi kuwa sunan harshen daga "Canton" ya samo tushe. Turawan Fotugal da suka isa kudancin Sin a ƙarni na 16 su suka mayar da sunan lardin Guangdong "Cantão", sa'an nan suka ɗora shi kan birnin Guangzhou. Daga bakinsu Ingilishi ya ara.

Kafin shekarun 1970, waƙoƙin Mandarin da na Ingilishi ke da martaba a Hong Kong, na Kantanis kuwa ana ɗaukarsu na talakawa. A 1974 al'amarin ya juya, sa'ad da waƙar wani wasan talabijin, wadda Joseph Koo ya tsara kiɗanta, Sandra Lang ta rera, ta game gari, Sam Hui kuma ya fito da nasa waƙoƙin. A shekarar ce Hans Ebert, wakilin mujallar Billboard, ya ƙaga "Cantorock". Da kiɗan ya yi laushi, sai ya musanya ta da "Cantopop" a 1978.

Abin lura shi ne, a cikin harshensu 'yan gida suna da nasu sunan, wanda aka gina kan "Yue", tsohon sunan al'ummomin kudancin Sin. Ke nan baƙo ne ya raɗa sunan da duniya ta sani, amma sai da masu harshen suka ɗaukaka waƙoƙinsu tukuna ya sami abin raɗa wa suna.