Matsu: Yadda Tsohon Itace Ya Zama Haja a Japan

A watan Nuwamba na 2011, a taron masu bonsai na nahiyar Asiya da aka yi a birnin Takamatsu, an kafa wani tsohon itacen matsu mai allura biyar, aka sa masa farashin yen miliyan 100, sama da dalar Amurka miliyan ɗaya a canjin wancan lokaci. Jaridu suka yi ta mamaki. Mutanen sana'ar ba su yi ba, domin sun san abin da ake saye a irin wannan ciniki: shekarun da mutane daban-daban suka kwashe suna ba itacen ruwa ba fashi, kowa ya yi nasa ya miƙa wa na bayansa.

Bonsai itace ne na sosai, ba wata wadar halitta ba. Ana renonsa a kasko marar zurfi, ana rage masa saiwa da rassa, har ya yi kama da tsohuwar bishiyar da iska ta daɗe tana bugu a bakin dutse. Matsu kuwa, wato fain, shi ne sarki a cikinsu. Akwai baƙi, kuromatsu, mai kaurin ɓawo da ƙarfin tsiro, ɗan bakin teku. Akwai ja, akamatsu, mai laushin jiki. Sai goyomatsu, mai allura biyar a kowane ƙulli, ɗan kan tsaunuka. Ni a Kinashi na koyi aikin, a gefen Takamatsu da ke tsibirin Shikoku, hannun wani dattijo da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa.

Asalin abin daga Sin yake. A bangon kabarin yarima Zhanghuai, na shekarar 706, an zana bayi ɗauke da faranti masu ƙananan itatuwa da duwatsu. A Japan kuma ana ganin su a naɗaɗɗen zanen Kasuga na 1309. Har yau a fadar sarkin Japan akwai goyomatsu da aka ce shogun Tokugawa Iemitsu ya kula da shi a ƙarni na 17. Amma wannan tarihin sarakuna ne da fadawa. Tarihin kasuwa dabam yake, kuma talakawa ne suka fara shi.

Kimanin shekara 200 da suka wuce, mutanen Kinashi da maƙwabciyarta Kokubunji suka fara haƙo matsun da suka tsiro da kansu a tsibirai da gaɓar tekun Seto, suna dasawa a kasko suna sayarwa. Itacen da ya fito a tsagar dutse, ruwa bai ishe shi ba, gishirin teku na dukansa, shi ne ya fi daraja, domin wahala ta riga ta murɗe shi. Sai dai dutse ba gona ba ne. Abin da aka cire a yini ɗaya ya ɗauki shekara ɗari kafin ya kai haka, don haka ba a daɗe ba masu kyau suka yi ƙaranci. Abin da ya ceci sana'ar shi ne cewa mutanen yankin sun riga sun iya aurar da itatuwan marmari. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 wani mutumin Kokubunji, Suezawa Kiichi, ya yi nasarar aurar da nishiki, wani irin baƙin matsu da ɓawonsa ke kumbura ya tsattsage tun yana ƙarami. Daga nan matsu ya koma amfanin gona. Ƙasar yankin mai yashi ce, ba ta riƙe ruwa, ruwan sama kuma kaɗan ne, abin da matsu ke so ke nan. Yau Kinashi da Kokubunji ke fitar da kusan kashi 80 cikin 100 na bonsai ɗin matsu a Japan, ana shuka su a kunya, ana tanƙwara su tun suna ɗanyu, ana haƙe su lokaci-lokaci a rage saiwar a mayar.

Shikoku ke nomawa, amma Tokyo ke yanke farashi. Girgizar ƙasar 1923 ta rusa unguwannin masu lambu na birnin, sai wasunsu suka ƙaura zuwa Omiya, inda akwai iska mai kyau da ruwa, suka kafa ƙauyen bonsai a 1925. Dokokin ƙauyen sun nuna irin mutanen: duk mai son zama sai ya mallaki aƙalla bonsai goma, ya bar ƙofar lambunsa a buɗe ga masu kallo, kada ya gina bene, kuma shingensa ya zama na shuka mai rai. A 1934 aka fara baje kolin Kokufu a gidan adana kayan fasaha na Ueno. A ganina wannan shekara ce ta sauya sana'ar baki ɗaya. Tun daga ranar da aka jera itace a zauren da ake rataye zanen manyan masu fasaha, darajarsa ta daina tsayawa a kan girma da lafiya kawai. Itacen da ya taɓa shiga Kokufu, hotonsa na cikin littafin shekarar, kuma wannan shaidar tana binsa duk inda aka sayar da shi.

Yaƙin duniya na biyu ya kusa gamawa da Omiya. An kwashe samari zuwa fagen fama, ana kallon mai ba itacen ado ruwa a matsayin wanda bai san halin da ƙasa ke ciki ba, lambuna da yawa suka rufe. Itatuwan da suka tsira, wani ne ya ƙi barin su. Cikinsu akwai goyomatsun gidan Yamaki a Hiroshima, wanda ake renonsa tun 1625. Yana nan a lambun, kimanin kilomita 3 daga inda bam ɗin nukiliya ya faɗi a 1945, katanga ta kare shi. A 1976 Masaru Yamaki ya ba da shi cikin itatuwa 53 da Japan ta yi wa Amurka kyauta, bai ce uffan game da bam ba. Sai a 2001, da jikokinsa suka je Washinton ganin itacen, masu kula da shi suka ji labarin.

Akwai wani sauyi da na waje ba sa jin labarinsa, alhali shi ya ɗaga baƙin matsu zuwa inda yake. Da, aibinsa shi ne doguwar allura, wadda ba ta dace da ƙaramin itace ba. Magabata suna hana shi ruwa da taki don allurar ta gajarta, itacen kuma ya yi ta rama. Mutanen sana'a suna ba da labarin cewa Saichi Suzuki na lambun Daiju-en a Okazaki ya lura da wani matsu da tsutsa ta cinye masa sabon toho, sai ya sake fitar da wani a shekarar, mai gajeriyar allura. Ya gwada da almakashi, abin ya yi. Wannan shi ne mekiri. A watan Yuni zuwa farkon Yuli ake yanke tohon bana gaba ɗaya, itacen ya fito da na biyu, wanda ba shi da isasshen lokacin yin tsawo kafin sanyi. Da kaka sai a bi kowane reshe a bar toho biyu, a tsige tsohuwar allura, a fi tsigewa a sama inda ƙarfi ya taru, a rage hannu a ƙasa inda rassa ke da rauni. Babban itace ɗaya yana iya cin yini biyu na mutum. Amma duk wanda ya yi wa goyomatsu wannan aikin ya kashe masa rassa, domin shi sau ɗaya yake toho a shekara. Nasa horon dabam ne: a rage masa ruwa, a jinkirta taki sai allurar ta ƙosa.

Takin kansa dunƙulen tunkuzar wata ƙwayar mai ne, kamar dai tunkuzar gyaɗa bayan an matse ta, ana ɗora shi a kan ƙasar kaskon. Ƙasar kuma akadama ce, jar ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa daga yankin Kanto, haɗe da yashin kogi ko dutsen aman wuta. Tsohon itace sai bayan shekara uku zuwa biyar ake sake masa ƙasa, a farkon bazarar Japan, kuma ba a taɓa wanke saiwarsa tas, saboda farin naman gwari da ke manne da ita yana taimaka masa cin abinci. Wayar tagulla da ake naɗa wa rassa da sanyi take hawa, a cire ta kafin ta ci jiki. Duk da haka, abin da ya fi wuya shi ne ba da ruwa. A wurin mutanen sana'ar ana cewa koyon wannan kaɗai shekara uku ne, kuma ban ga ƙari a maganar ba. Kowane kasko da yadda yake bushewa, da rani sau biyu ko uku a yini, ba Lahadi ba ranar biki. Shi ya sa ɗan koyo ke yin shekara biyar a gidan maigida, ya ƙara ta shida ta godiya.

Wannan wahalar ce ta haifi tsarin cinikin. Yawancin manyan itatuwan Japan ba sa kwana a gidan masu su. Attajiri ya saya, ya bar shi ajiya a lambun gwani, yana biyan kuɗin kulawa, ya zo ya gan shi idan ya sami sarari. A Kokufu sunan mai itace ake rubutawa, ba na wanda ya yi aikin ba, abin da ya daɗe yana yi mini ciwo, ko da yake gwanaye suna da nasu baje kolin, Sakufu. Idan mai itace ya rasu, magada sukan kira gwanin da ke riƙe da shi ya nemo mai saye, ya ɗauki la'adarsa. Sau da yawa itacen ba ya ko motsawa daga kan bencinsa, sunan da ke jikin allo kawai ake sauyawa. Sauran ciniki a gwanjon 'yan sana'a ake yinsa, wanda bare ba ya shiga, ana gama itace cikin daƙiƙoƙi.

Mai saye da ya san abin da yake yi daga ƙasa yake fara kallo. Saiwar da ta bazu ta ko'ina a gindi, gangar da ke sirancewa a hankali zuwa sama, sannan ɓawo. Ɓawo ne kaɗai ba a iya yi masa dabara. Reshe ana iya aurar da shi, kauri ana iya samunsa a gona da taki, amma faranta-farantan ɓawon baƙin matsu sai shekaru. Goyomatsu da yawa an aurar da su a kan gindin baƙi don su yi ƙarfi, kuma inda aka haɗa yakan kumbura ya rage farashi. Shekarun da dillali ya faɗa kuwa, ni ba na ɗaukarsu da muhimmanci sai in akwai tsohon hoto ko sunayen waɗanda suka riƙe itacen. Ba wanda zai yanka shi ya ƙirga zobensa.

Kuɗi sun yi yawa a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da tattalin arzikin Japan ya kumbura, suka janye a farkon shekarun 1990. Masu saye na gida suka tsufa, 'ya'yansu na zaune a benayen da ba su da tsakar gida. Kasuwa ta juya waje, zuwa Turai, Taiwan da Sin. A nan kuma aka ci karo da wata tsutsa da ido ba ya gani, wadda wani ƙwaro ke ɗauka daga itace zuwa itace. Ta fara kashe dazukan matsu a Nagasaki tun 1905, aka kuma gano ta a Fotugal a 1999. Saboda ita da wasu cututtuka, Tarayyar Turai ta daɗe tana karɓar goyomatsu amma ba ta karɓar baƙi, sai a watan Oktoba na 2020. Sharuɗɗan ba wasa: shekara biyu a lambu mai rajista, a kan benci da ya ɗaga santimita 50 daga ƙasa, jami'ai su duba aƙalla sau shida a shekara, sannan a killace shi wata uku bayan ya sauka. Da daraja ta ƙaru, sata ma ta ƙaru, lambunan da aka san su da buɗaɗɗiyar ƙofa suka sa kyamara.

'Yan uwa sukan tambaye ni ko za a iya kai irin wannan itace Kano ko Damagaram. Amsata a'a ce. Goyomatsu yana bukatar barcin sanyi na watanni, in bai samu ba zai yi ta lalacewa har ya mutu, kuma zalunci ne a kai itacen da ya shekara ɗari inda aka san ba zai rayu ba. Mai sha'awar aikin ya fara da tsamiya ko ceɗiya.

Abin da ke damun mutanen Kinashi yanzu ba rashin masu saye ba ne. Itatuwan da ake lodawa a kwantena iyaye ne suka shuka su shekara 30 ko 40 da suka wuce, kuma ba kowane ramin da aka haƙe ake mayar masa da sabo ba. Manoma da dama sun haura saba'in, ba magaji. Cikin 'yan koyon da ke zuwa lambunan Japan akwai Turawa da Amurkawa da yawa, suna gamawa su koma gida su shuka nasu baƙin matsun. Kaɗan daga samarin yankin da suka tsaya suna shuka iri, su yanke wa tsiron saiwa yana ɗan wata biyu don ya fito da sababbi ta ko'ina, dabarar da ke rage shekarun samun gindi mai kyau. Ba ta rage na ɓawo. Saurayin da ya zuba iri bana zai kai shekara sittin kafin ya sayar da itacen a matsayin tsoho, kuma kafin nan sai ya sami abin ciyar da gida daga ƙananan da ake saye a farashi mai sauƙi.