Yadda Aka Koyi Kare Jinin Gwaji Daga Gurɓata

Zinki da tagulla da manganis suna cikin ma'adinan da jiki ke buƙata kaɗan ƙwarai, har wasunsu sai a lissafin kashi ɗaya cikin biliyan ake auna su. Abin da ya kai wannan ƙanƙanta, ƙurar da ta faɗa kwalbar jinin gwaji ma ta isa ta ɓata awonsa. An daɗe kafin a gane hakan.

A 1955 Alan Walsh, masani a Ostireliya, ya fito da hanyar gane yawan ƙarfe ta hasken da yake zuƙewa idan an fesa shi cikin harshen wuta. Asibitoci suka rungume ta, amma sakamakon wannan ɗakin gwaji ya riƙa saɓa wa na wancan.

Darasin ya fito daga wani fanni daban. Clair Patterson na Amurka yana auna dalma a duwatsu don gano shekarun duniya, sai ya tarar dalmar ta cika iska da ruwa da kayan aikinsa. Ya gina ɗaki mai tace iska, yana wanke komai da asid, kafin a 1956 ya bayyana cewa duniya ta shekara biliyan 4.55. A shekarun 1970 kuma Jacques Versieck na jami'ar Ghent a Beljiyam ya nuna cewa allurar ƙarfe kanta tana zuba kuromiyam da manganis cikin jinin da aka ɗiba, don haka alƙaluma da yawa da ke cikin littattafai sun yi sama fiye da kima.

Daga nan ƙa'idojin yau suka samo tushe: kwalba ta musamman mai murfi shuɗi, safar hannu marar hoda, da raba ruwan jini da wuri, domin jajayen ƙwayoyi in suka fashe sukan ƙara zinki. Bayan haka a tsarma jinin ko a narkar da shi da asid.

An ga muhimmancin wannan a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Inda ake niƙa dutsen zinariya cikin gida, ƙurar dalmar da ke yatsan yaro tana iya shiga ɗigon jinin da aka ɗiba daga yatsan, shi ya sa jinin jijiya ya fi zama abin dogaro. Da wannan awon likita ke yanke shawarar yaron da za a fara ba magani, saboda haka tsabtar mai ɗibar jini amana ce babba.