Wanke kayan inji da fetur: abin da ya kamata bakanike da manomi su sani, daga Mafaza zuwa Maradi

Mafaza gari ne a bakin kogin Rahad, cikin jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, kuma yana cikin wuraren da Hausawa suka daɗe da zama a ƙasar. Yankin na noman dawa da riɗi ne, kuma tun shekarun 1940 ake noma da inji a Gadarif. Kafin saukar damina a watan Yuni ake kwance taraktoci a gyara su, ga injinan ban ruwa da babura da raksha, wato abin da mutanen Kano ke kira adaidaita sahu. Duk ƙarfen da aka kwance sai an raba shi da maiƙo da baƙin mai kafin a ga inda ya ci ko ya tsage, kuma abin da hannu ya fi saurin kaiwa gare shi shi ne fetur a daro. Haka ake yi a warsha ta Sudan, haka ake yi a garejin Zariya ko na Maradi. Fetur na wanke maiƙo sosai, amma cikin duk abubuwan da ake wankin da su shi ya fi haɗari.

Suna ɗaya, mai daban

Rikicin yakan fara daga suna. A Najeriya ana cewa fetur, dizal ko gas, da kananzir. A Sudan fetur shi ne banzin, dizal kuwa jazolin ake ce masa, alhali a Turancin Amurka wannan kalmar fetur take nufi. A Nijar da Kamaru da Cadi, inda ake aiki da Faransanci, essence ne fetur, gasoil ne dizal, pétrole kuma kananzir ne duk da ya yi kama da sunan fetur. Wanda ya tsallaka iyaka ya kama aiki a gareji, ko yake karanta takardar da ta zo da inji, ya tabbatar da wane mai ake nufi kafin ya zuba.

Akwai kuma wani sinadari mai suna benzin, wanda ba shi ne fetur ba, ɗaya ne daga cikin abubuwan da ke cikinsa. An daɗe da tabbatar da cewa yana jawo sankarar jini, shi ya sa Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa kashi 1 cikin 100 na fetur tun shekarar 2000. A 2025 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon na Faransa ta saka shi kansa fetur a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa sankara. Benzin na shiga jiki ta numfashi, yana kuma ratsa fata.

Tururin ne ke kamawa

Ruwan fetur ba shi ne ke ci da wuta ba, tururinsa ne. Fetur na fitar da tururin da zai iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, wato babu wani yanayi a ƙasashenmu da daron fetur a buɗe ba ya cikin shirin kamawa. Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama. Yana bin ƙasa, ya gangara cikin ramin da ake shiga ƙarƙashin mota, ya taru a lungu. Idan ya kai kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iska, tartsatsi ɗaya ya isa. Lita ɗaya da ta ƙafe za ta iya mayar da iskar ƙaramin shago mai faɗin mita 2 da tsawon mita 3 da tsayin mita 2 abin fashewa, kuma da yake tururin a ƙasa yake taruwa, abin da bai kai lita ba ma yana iya yin aikin.

Wutar ba sai tana kusa da daron ba. Garwashin mai shayi ko mai jabana a ƙofar warsha, sigari, walda, injin wasa ƙarfe, janareto, kan batir da ya yi tartsatsi yayin cirewa, duk suna iya kunna tururin daga nesa, wutar ta biyo shi ta dawo kan mai wankin. Rigar da ta jiƙe da fetur ita ma lagwani ce.

Kananzir sai ya kai zafin digiri 38 ko fiye yake fitar da irin wannan tururi, dizal kuma sama da 52. Wannan ne ya sa suka fi fetur dacewa da wanki. Sai dai a Gadarif zafin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, daidai lokacin gyaran tarakta, saboda haka kwanon kananzir da aka bari a rana ya riga ya shiga haɗari. Dizal a inuwa ya fi aminci. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma matatar Jaili da ke arewacin Khartoum ta tsaya, man da ake saye a jarka da gora ya yawaita, kuma dizal ko kananzir da aka gauraya da fetur, ko kaɗan ne, yakan ɗauki halin fetur wajen kamawa. Man da yake warin fetur a ɗauke shi a matsayin fetur.

Me za a wanke da me

Yawancin dattin da ke jikin inji laka ce da ta haɗu da giris, kuma baƙar ƙasar Gadarif mai danƙo ce. A fara kankare ta da ƙarfe ko katako a goge da tsumma, sai man da za a kashe ya ragu ƙwarai. Manyan ƙarafa kamar murfin giya da kwanon baƙin mai suna fita da ruwan zafi da omo da buroshi, muddin an busar da su nan take an shafa musu mai don kada su yi tsatsa. Soda tana narka maiƙo a jikin baƙin ƙarfe, amma tana cinye alminiyom tana fitar da iska mai kamawa, tana kuma ƙona ido da fata.

Nozul da famfon dizal da tsabtataccen dizal kawai ake wanke su, a kwano mai tsabta, ba tare da tsumma mai zubar da zare ba. Boris a wanke shi da dizal ko kananzir, kada a juya shi da iskar kwamfaresa yana bushe, don yana iya tarwatsewa a hannu. Matatar iska ta tsofaffin taraktoci, irin mai kwanon mai a ƙasa, dizal ko kananzir ake sa mata, fetur da ya rage a cikinta yana iya bin iska ya shiga inji. Matata ta takarda ba a wanke ta da komai.

Birki ne wurin da kuskure ya fi tsada. Robobin birkin da ke aiki da ruwan birki suna kumbura idan fetur ko dizal ko kananzir ya taɓa su, kuma ɓarnar ba ta bayyana sai ana kan hanya da kaya. Da sabon ruwan birki ake wanke su. Ƙurar takalmin birki kuma kada a hure ta, domin wasu na ɗauke da asbestos mai lalata huhu, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Gwangwanin feshi na wanke birki ko kafireta iri biyu ne. Wani yana kamawa kamar fetur. Wani mai sinadarin kulorin ba ya kamawa, amma idan zafin walda ya taɓa ragowarsa yakan zama fosjin, iskar gubar da aka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙarfen da za a yi wa walda kada a fesa masa shi. Sinadarin tsinka fenti ma yana saurin kamawa, kuma shaƙarsa a rufaffen ɗaki na kawo jiri da ciwon kai.

Inda ya zama dole a sa fetur, kamar wajen wanke ƙaramar kafireta, a zuba kaɗan a kwanon ƙarfe mai murfi, a fili mai iska, inji ya huce, an cire batir. Safar hannu ta nitril tana jure mai, ta roba irin ta asibiti kuwa takan yi laushi ta yage. Al'adar wanke hannu da fetur bayan tashi daga aiki tana kwashe maiƙon fata har ta tsattsage, ta ƙara buɗe wa gubar hanya. Sabulu da ɗan yashi mai laushi ko garin katako suna fitar da baƙin mai. Yaran da ke koyon sana'a su ake bar wa wanki, don haka su suka fi kowa daɗewa da hannu a cikin daro, kuma alhakin hana su yana kan maigidan gareji.

Idan abu ya faru

Wutar fetur ba a watsa mata ruwa, don man zai hau kan ruwan ya bazu. A kife murfi a kan kwanon, ko a zuba yashi, ko a yi amfani da gorar kashe gobara mai hoda. Wanda rigarsa ta kama kada ya gudu, ya kwanta ya yi birgima a lulluɓe shi da bargo. Ƙunar jiki kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata na minti 20, ba a shafa mata baƙin mai ko man goge baki ko ɗanyen ƙwai.

Zuƙo mai da tiyo a baki yana cikin hanyoyin da fetur da dizal ke shiga huhu, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kumbura shi. Wanda ya haɗiyi mai, babba ko yaron da ya sha kananzir a gorar lemo, kada a sa shi amai kuma kada a ɗura masa madara ko manja, domin aman ne ke tura man cikin huhu. A kai shi asibiti ko da ya ga kamar ya warware, saboda tari da sarƙewar numfashi na iya ɗaukar sa'o'i kafin su bayyana. Madarar da wasu ke sha bayan aiki da fetur ko fenti ba ta fitar da guba daga jini.

Man da aka yi wanki da shi ba a zubar da shi a ƙasa ko a magudana, musamman a gari irin Mafaza inda mutane da dabbobi da lambuna suka dogara da Rahad da rijiyoyin gefensa. A juye shi a duro mai murfi ya kwana, dattin ya kwanta, a tsiyaye na sama a sake wankin farko da shi. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, ko ya daɗe a bushe, ba a yanka shi ba a yi masa walda sai wanda ya san aikin ya wanke shi ya cika shi da ruwa.