Gidan Zuhudu Na Lacock

Malamanmu na tarihi za su tuna yadda muka sha haddar rikicin Sarki Henry na 8 da Paparoma. Ban ga ɓarnar rikicin da idona ba sai da aka tura ni kwas Ingila, na leƙa ƙauyen Lacock a gundumar Wiltshire.

Wata basarakiya, Ela ta Salisbury, ita ta kafa gidan a 1232 domin mata Kirista masu zaman zuhudu. Abin da ya ba ni sha'awa, ni ma'aikacin gwamnati, shi ne bayan rasuwar mijinta a 1226 ta riƙe muƙamin wakilin sarki a gundumar, mai tara masa kuɗin shiga. Daga baya ta ajiye mulki ta shiga gidan, ta shugabance shi, ta rasu a 1261.

A 1539 Henry ya rufe gidan, aka sallami matan. William Sharington da ya saye shi ya rushe cocin, amma ya mai da benen mazauninsa. Wannan ne ya ceci ɗakunan ƙasa. Barandar da ta kewaye tsakar gida tana nan, haka ɗakin taronsu da ɗakin jin ɗumi. Dutsen kabarin Ela ma yana cikin barandar.