Petra: Makaɗan da Suka Shiga Wa'azi da Gita

A shekarata ta farko a jihar Indiyana ta Amurka, wani maƙwabcina ya ba ni aron wani tsohon kaset. Da na kunna, sai ƙarar gita da ganguna suka cika ɗakin, irin kiɗan rok ɗin nan mai tsinka dodon kunne. Amma da na duba takardar kaset ɗin, sai na ga kowace waƙa an rubuta mata ayoyin Littafi Mai Tsarki da aka ɗauko ta daga ciki. Abin ya ɗaure mini kai. Wannan ne ya sa na bi diddigin masu waƙar, wato ƙungiyar Petra.

An kafa ta a 1972 a garin Fort Wayne, nan Indiyana. Jagoranta Bob Hartman, makaɗin gita, ya haɗu da Greg Hough da John DeGroff da Bill Glover a lokacin da samarin Amurka masu dogon gashi, waɗanda ƙwaya da rikicin yaƙin Biyetnam suka gajiyar, suke ta komawa ga addinin Kirista. Sunan kansa da hikima aka zaɓe shi. Petra a Girkanci na nufin dutse, kalmar rok ma a Turanci dutse take nufi. Sun fara wasa a wani ɗakin shan kofi na matasa mai suna Adam's Apple. Hujjarsu ɗaya ce: yaron da ba zai taka ƙofar coci ba, zai zo jin gita, in ya zo kuwa sai a yi masa bishara. Faifansu na farko ya fito a 1974, bai yi kasuwa ba.

To, mai karatu, kada ka ɗauka marasa addini ne suka fi ba su wahala. 'Yan gida ne. Fastoci da dama sun ce wannan kiɗa na Shaiɗan ne, ko me aka rera a kansa. Marigayi Jimmy Swaggart, shahararren mai wa'azi a talabijin, har littafi ya fitar a 1987 yana sukar irin wannan kiɗa baki ɗaya. A zamanin ma an yi ta yaɗa cewa in aka juya faifan rok da baya, za a ji saƙon Iblis a ɓoye. Martanin Petra shi ya fi ba ni dariya. A faifansu na 1982, More Power to Ya, sun saka magana juyayya da gangan. Duk wanda ya sha wahalar juya faifan, abin da zai ji tambaya ce a kan dalilin da ya sa yake farautar Shaiɗan maimakon neman Ubangiji. A ganina wannan raha ta fi dogon musu amfani.

Sa'arsu ta fara ne a 1981 da faifan Never Say Die, lokacin Greg X. Volz ne mawaƙinsu. Da ya tafi a 1985, sai Hartman ya nemo John Schlitt, wanda ƙungiyar Head East ta sallama a 1980 saboda hodar iblis da giya sun fi ƙarfinsa. Ya tuba, ya yi shekaru bai hau dandamali ba. Wannan mutum shi ya riƙa tsayawa gaban dubban matasa yana ba su labarin yadda ya tsira. Mai suka zai iya musun gita, amma musun wannan da wuya.

Daga nan sai ƙofofi suka buɗe. Faifan Beyond Belief na 1990 ya ci lambar yabo ta Grammy, ta farko cikin huɗu da suka samu. A 2000 aka shigar da su zauren karrama gwanayen waƙoƙin bishara, su ne makaɗan rok na farko da aka yi wa haka. Sun ajiye gita a ƙarshen 2005, ko da yake sun sake haɗuwa don bikin cika shekara 50.

Ran nan na raka maƙwabcin nawa ɗaurin aure a cocinsu. A gaban mimbari akwai ganguna da gitar lantarki guda biyu, tsofaffi kuwa suna zaune a sahun farko suna kaɗa kai.